Koci Hamidu da yaran Asabar

Yau Laraba. Da safen nan, ko shayi ban kai bakina ba, aka bugo mini waya daga Argungu: Malam Hamidu ya rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shekara tara na yi ina riƙe da mutumin nan a zuciya. Gara in faɗi wannan tun farko, kafin wani da ya san mu ya karanta ya ce ga munafuki yana yabon gawa.

Mun yi aiki tare a wata sakandare ta jeka-ka-dawo a nan Birnin Kebbi. Ni ne mataimakin shugaban makaranta, da digiri biyu da girman kan da ya fi su nauyi, har ana ce mini Farfesa. Shi kuwa malamin motsa jiki ne, ɗan masunta daga Argungu. Yara suna ce masa Koci. A lissafina na wancan lokaci, darasinsa shi ne wanda ake aro idan malamin lissafi bai gama manhaja ba.

Duk wanda ya yi makaranta a ƙasar nan ya san abin da ake yi wa makararru. A tare su a bakin get, a sa su tsallen kwaɗo, ko su zagaye fili har sai wani ya yi amai. Haka aka yi mana, haka muka yi wa na bayanmu. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina dalili ba.

Wata Litinin bayan asambuli na tara makararru, na kira shi.

Na ce, “Malam Hamidu, ga su nan. Zagaye biyar-biyar, a rufe da tsallen kwaɗo.”

Ya ce, “Ranka ya daɗe, ba ni yi.”

“Mi ka ce?”

“Na ce ba ni yi. Ka ba su shara, ka kira uwayensu, dut abin da ka ga dama. Amma ban da gudu. Gudun ga shi na darasina. In ka maishe shi horo, wa zai ƙara so nai? Ka taɓa kama yaro da laihi ka ce ya tahi ya yi lissahi?”

Yara suka kwashe da dariya.

Dariyar nan ce ban yafe ba. Ranar na rubuta masa takardar tuhuma, na tabbatar ta shiga fayil ɗinsa. Daga nan sai gaisuwar dole, ita ma sai in akwai idon mutane.

Duk da haka, bayan kamar shekara guda ya shigo ofishina. Akwai wani yaro Bashiru, ɗan shekara goma sha uku daga Zauro, wanda mahaifinsa ya rasu da damina. Yaron da ba a jin bakinsa ya koma kullum faɗa, har ya fasa wa wani baki. Na riga na rubuta takardar dakatarwa.

Malam Hamidu ya ce, “A ba ni shi sati biyu.”

Na ba shi. Ba don tausayi ba, don in ga ya kunyata.

Tagar ofishina tana kallon fili. Kowace safiya kafin ƙararrawa sai in gan su su biyu suna zagayawa a hankali, kafaɗa da kafaɗa. Ba wai Malam ya tsaya da usur yana ba da umarni ba ne, tare suke yi. Cikin sati na biyu na ga yaron ya tsaya, ya zauna a ƙasa, ya kifa kai a gwiwa yana kuka. Malam ya zauna gefensa, ya miƙa masa ruwa, ya bar shi ya yi kukansa.

Bashiru ya gama makaranta lafiya. Na yaga takardar dakatarwar ni kaɗai a ofis, ban gaya wa kowa ba. Ban kuma ce wa Malam Hamidu sannu da ƙoƙari ba.

Sai ritaya ta zo. Ba zan cika ku da labarina ba. Waɗanda na koya wa rubuta wasiƙa su ne suka riƙa barina a benci a ƙofar ofis. Na koma unguwarmu ta Gesse, na samu gindin dalbejiya da 'yan majalisa irina, muna zagin gwamnati daga hantsi zuwa azahar. Hawan jini ya kama ni. Barci ya ƙi. Iyalina suka koyi yin shiru idan sun ji takuna.

Shekara biyu da suka wuce, wata Asabar bayan asuba, ina zaune a ƙofar gida sai ga ayarin yara suna sassarfa, wani dattijo a tsakiyarsu. Ya tsaya, ya ƙare mini kallo.

“Farfesa! Wanga ciki naka wata nawa?”

Na ce, “Koci, kai har yau ba ka girma ba?”

Maganar kirki ta farko ke nan tsakaninmu bayan shekara tara.

Ya ce, “Tashi. Ba gudu za ka yi ba, tahiya ta. In ka hwaɗi muna da masu ɗauka.”

Na tashi ne don kada yara su sake yi mini dariya.

Ashe tun da ya yi ritaya yake tara yaran unguwa duk Asabar a filin bayan firamare. 'Yan shekara goma sha biyu zuwa sha huɗu, lokacin da jiki ke canzawa, yaro ya rasa gane kansa, iyaye ma su rasa gane shi. Maza a gefe, mata a gefe da hijabinsu da dogon wando. Ngozi, 'yar mai shagon kayan gini, wadda Hausarta ta fi ta wasunmu, ita ke ƙirga wa matan tsallen igiya. Maza su yi langa, su yi ƙwallo. Ba kayan aiki, sai ƙwallo ɗaya da igiya biyu da jarkar ruwa.

Abin da ya kama ni shi ne ƙarshen zaman. Sai ya zaunar da su, ya ce kowa ya ɗora yatsa biyu a wuya ya ji bugun zuciyarsa. Ya ce musu ita ma tsoka ce, aiki ke ƙara mata ƙarfi. Ya ce a sha ruwa, kada a yi gudu cikin ranar azahar, a ajiye waya a kwanta da wuri.

Sannan ya tambaya: “Wa ya zo da hushi yau?”

Hannuwa su tashi.

“Wa ke da shi har yanzu?”

Yawanci sai su sauka, ana dariya. Wanda nasa bai sauka ba, Malam zai raka shi gida a ƙasa, su yi magana a hanya. Bai taɓa cewa gudu maganin komai ba ne. Wata yarinya da numfashinta ke sarƙewa, da kansa ya je wurin mahaifinta ya ce a kai ta asibiti kafin ta dawo fili.

Ranar farko ni ma na ɗaga hannu a zuciyata. Na kuma yi barci a daren nan kamar an ɗauke ni.

Sau ɗaya na yi ƙoƙarin tayar da zancen takardar tuhumar nan. Muna shan koko a bakin titi na ce, “Koci, batun takardar da na rubuta maka...”

Ya ce, “Wace takarda? Miƙo ƙosai.”

Haɗuwarmu ta ƙarshe Asabar ɗin da ta wuce ce. Bai yi gudu ba ranar, ya ce jikinsa ba daɗi, zai je gida Argungu ya huta kwana biyu. Da yara suka watse ya riƙe hannuna.

“Farfesa, Asabar mai zuwa ka riƙe mani ɗiyan ga.”

Na ce, “Ni? Ni na gama da ɗiyan ƙasar ga. Duk ƙuruciyata na ba su, mi na samu?”

Ya ce, “Ba ƙasa na ce ka riƙe ba. Ɗiya ashirin na ce, awa guda.”

Na ce, “Nemi wani.”

Ya yi dariya, ya hau mashin ɗinsa, ya ce, “Za ka zo.”

Shi ke nan. “Nemi wani” ita ce kalmata ta ƙarshe gare shi. Zazzaɓi ya kwantar da shi kwana uku, Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu na dawo daga jana'iza. A mota muna dawowa, mun biyo gefen fadama, wani da muke majalisa ɗaya ya ce, “Dut gudun ga da anka yi, ga shi ya riga mu tahiya. Mu masu zama muna nan.” Wasu suka yi murmushi. Wani uba ya ce shi kam yaronsa ya huta da tashin safe.

Ban tanka a mota ba, don ban yarda da bakina ba. Zan tanka a nan.

Malam Hamidu bai taɓa yi wa kowa alkawarin tsawon rai ba. Wannan na Allah ne. Abin da ya koya wa yaran nan shi ne yadda za su zauna lafiya cikin jikin da aka ba su, da abin da za su yi da baƙin ciki in ya cika musu ƙirji, maimakon duka ko ƙwaya ko kulle kai a ɗaki. Mu masu zama muna nan, gaskiya ne. Na yi zaman nan shekaru, na san abin da ke cikinsa.

Saboda haka ku ji.

Ranar Asabar, ƙarfe shida da rabi, ina filin. Gwiwata ba ta gudu, ban san dokokin ƙwallo ba, ban kuma iya wasa da yara ba. Zan yi tafiya, su yi gudu. Tambayoyin nan biyu na haddace su, zan yi musu.

Iyaye, ku turo su. Wanda ya ce ɗansa ya huta, zan zo ƙofar gidanka da kaina, ka san ba ni da kunyar gardama.

Ina neman malama mace guda da za ta tsaya wa 'yan matan, da matashi guda da ya karanci motsa jiki. Ku yi mini magana ta akwatin saƙo.

Malaman da ke aiki har yanzu, ku daina horo da gudu da tsallen kwaɗo. Ni na yi, na kuma hukunta wanda ya ƙi yi. Shi ke da gaskiya.

Ya Allah ka gafarta wa bawanka Hamidu, ka yalwata masa kabarinsa, ka sanya kowane taku da ya yi da yaran mutane a mizaninsa. Ka ba iyalinsa haƙuri. Ni kuma ka ba ni ƙafa da haƙurin da ban taɓa yi ba.

Duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, ya sa shi a addu'a. Ɗalibansa na da, ku yi masa a sujada.

An binne shi bayan azahar a Argungu. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar. Ni kuma ba ni da wani aboki bayansa.