Kujerar Falwaya

Ƙanena ya fi son motocin mutane a kan mutanen, kuma bai taɓa wahalar da kansa wajen ɓoyewa ba. In aka miƙa masa jariri, sai ya leƙa ya ce Allah ya raya, ya fara neman takalminsa. In kuwa ka ce masa motarka tana wani ƙara daga ƙasa, abinci ma zai ture ya bi ka waje. Matarsa, kafin ta rasu, takan ce da tana da taya huɗu da ta ji daɗin aure. Shi kuma ya ce gaskiya ne, ya ci gaba da abin da yake yi.

Ni yayarsa ce. Ɗakina yana kallon nasa a gidan da iyayenmu suka bar mana, don haka ba labari aka ba ni ba.

Aikinsa jigilar motoci daga jiha zuwa jiha. Tirela yake ja, mai hawa biyu. A canza wa ma'aikaci wurin aiki, ko mutum ya sayi mota a nesa ba ya son ta sha hanya, sai a kawo ta gareji, direba ya shiga ya hau da ita a kan ƙarafa, a ɗaure tayoyin da sarƙa. Daga nan sai kwanaki a hanya. A gareji, Guntu suke kiransa, don gajere ne sosai, har muka ɗauka a gida.

Yana da wani tsohon matashi na mahaifiyarmu da ba ya rabuwa da shi. In zai hau da motar dogon mutum, ƙafarsa ba ta kai birki. Kowane direba jawo kujera yake yi gaba. Shi sai ya cusa matashin a bayansa, ya zauna a bakin kujera kamar baƙon da bai yarda da gida ba. Ba ya taɓa kujera, ba ya taɓa madubi, ba ya murɗa rediyo. Yadda mai mota ya fita ya bar ta, haka zai shiga ya same ta a can.

Abokan aikinsa sun yi shekaru suna yi masa tsiya a kan wannan. Akwai wani da suke kira Rediyo, saboda bakinsa ba ya mutuwa.

"Guntu, ina amaryar taka? Yau ba ka rungumo ta ba?"

"Tana mota."

"Kai dai ka ji kunya. Ƙato da kai, ana ɗora ka a kan matashi kamar mai jego."

"Ƙato kuma?" in ji wani, sai a kwashe da dariya.

Shi ba ya dariya, ba ya fushi. Abin da yake cewa kullum ɗaya ne: kujera ta san mai ita. Yana zama a mota zai gaya maka mai ita dogo ne ko mai tumbi, yana kishingiɗa ko yana manne wa sitiyari don tsoro, matarsa tana tuƙawa ko ba ta tuƙawa. Mutanen da bai taɓa gani ba ya fi saninsu a kan na gidansa.

Ɗa ɗaya gare shi, kuma Allah ya yi shi dogo kamar ba nasa ba. Tun yana sakandare unguwa ta sa masa Falwaya. Da ya zama saurayi, ya taɓa bin uban gareji don ya koyi aikin. Aka ba shi mota ya hau da ita, gwiwarsa tana dukan sitiyari, sai ya tura kujerar baya. Guntu ya sauko da shi a gaban kowa, ya ce mai hannun da ba ya zama wuri ɗaya ba ya wannan sana'a. Bai ɗaga murya ba. Yaron ya ajiye makulli a kan taya ya tafi gida da ƙafa, bai sake taka garejin ba. Ya yi karatu, ya sami aiki a gidan ruwa a wata jiha mai nisa, ya yi aure can.

Ba su yi gaba ba. Suna gaisawa a waya, gaisuwar da ba ta wuce lafiya lau. Da Falwaya ya sayi motarsa ta farko, ya turo hoto yana tsaye a jikinta. Na kai wa uban. Ya daɗe yana kallo, har na zaci wani abu zai fito. Sai ya ce, "Tayar baya tana son iska." In Falwaya zai zo gida motar haya yake hawa saboda nisa, don haka uban bai taɓa ganin motar da idonsa ba.

Ciwon Falwaya bai daɗe ba. Zazzaɓi aka ce, daga baya aka ce hanta. Ranar da aka bugo waya cewa ya rasu, Guntu yana hanya, ya yi wata jiha daban da kaya. Ni na kira shi. Na gaya masa, ina jin ƙarar injin. Sai ya ce, "Yaya, motocin mutane ne a bayana." Ya kai su, ya sauke, ya miƙa makullai. Kafin ya juyo an binne yaron.

Ya dawo ya zauna a ƙofar gida, mutane suna zuwa, yana cewa amin. Ban ga hawayensa ba, kuma ba zan ce ya ɓuya ya yi ba, don ban sani ba. Yana cin abinci. Yana barci. Da mutane suka ɗauke ƙafa ya koma aiki.

Matar Falwaya ta koma gidan iyayenta da 'yarsu, ta aiko cewa motar tana nan a rufe a gidan hayar, ba wanda ya shige ta tun ranar da mijin ya ajiye ta ya kwanta. Ba ta iya tuƙi, ba ta kuma son ganinta. A zo a ɗauka.

Da la'asar ɗin ranar Guntu ya shigo ɗakina, abin da ba ya yi. Ya zauna a bakin gado, ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa.

"Yaya, ni zan je in ɗauko ta."

"To wa zai je da?"

"Ban taɓa shiga motarsa ba."

"Ba ka taɓa tambaya ba."

"Haka ne." Ya kalli bango. "So nake in zauna a ciki sau ɗaya, yadda ya bar ta. In ga yadda yake zama. In duba madubin in ga abin da yake gani."

A iya sanina wannan ne abu na farko da ya taɓa so daga wurin yaron. Ya ce yana da lodin da aka riga aka rubuta masa zuwa wani gefen, in ya dawo zai nemi hanyar can. Ban da ni bai gaya wa kowa dalili ba, amma ya faɗa a gareji cewa akwai motar ɗansa da za a ɗauko.

Ranar da ya dawo, mai garejin ya aiko a ce in zo tare da shi. Muka je da hantsi. Direbobi sun taru a inuwar rumfa, wasu sun sa riga mai kyau. A tsakiyar fili ga wata mota ruwan toka tana ƙyalli, tayoyinta baƙi wuluk an shafe su da mai.

Ashe Rediyo ya kai kaya jihar, zai dawo da gurbi a tirelarsa. Suka haɗa baki, suka ce ba za a bar uba ya je ɗaukar motar ɗansa da ya mutu ba alhali suna da rai. Suka nemi matar ta ba da makulli. A wurinsu babbar karramawa ita ce a miƙa maka mota fes, don haka suka kwana biyu a kanta. An wanke ciki da waje, an cire shimfiɗun ƙafa an goge, an fesa turare.

Rediyo ya zo ya kama hannun Guntu, yau ba tsiya a bakinsa, idonsa ya yi ja.

"Ɗan'uwa, ga ta. Ko ƙwarzane babu. Kuma ka ga, na gyara maka kujerar daidai kai, na sauko da madubi. Wannan taka ce, ba ta wani ba. Yau dai ka shiga mota ba matashi."

Guntu yana riƙe da matashin a hammata. Ya buɗe ƙofa. Kujerar tana can gaba, kusa da sitiyari. Ya tsuguna, ya sa kai ƙasa yana duba ƙarfen da kujera take tafiya a kai. Daga baya ya gaya mini abin da yake nema: in kujera ta daɗe a wuri ɗaya, ƙura takan kwanta a ƙarfen ta bar shaida. Sun goge shi tas, sun sa masa gires sabo.

Ya miƙe, ya kaɗe gwiwa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya yi godiya, ya ce Allah ya bar zumunci. Suka ji daɗi. Har yau ba su san komai ba, ni ma ban ga amfanin gaya musu ba. Ya shiga, na shiga gefe da matashin a cinyata, ya tuƙo mu gida. Ƙafarsa tana kai birki lafiya lau. Motar tana ƙamshin lemo.

Ya ajiye ta a tsakar gida ƙarƙashin bishiya, ba ta sake fita ba. Ya buga wa matar ɗansa ya tambaye ta inda kujerar take zama. Ta ce, "Baya sosai, Baba." Ya ce baya har ƙarshe, ko da saura? Ta ce wallahi ba ta lura ba, ta fara kuka, ya ba ta haƙuri ya kashe. Yakan shiga ya tura kujerar baya, ya sa matashi, ya zauna. Can ya fito, ya matsar da ita kaɗan, ya sake zama. Na tambaye shi ko ya samu. Ya ce duk inda ya sa ta, shi ya sa ta.

Ya ci gaba da jigila har idonsa ya fara ba shi matsala, aka karɓi tirelar aka ba wani. Yanzu yana gida. Bai zama mai son mutane ba, kada a ce na ce. Jikarsa in an kawo ta hutu, kallon tsawon ƙafafunta yake yi, ya ce ta ci abinci, shi ke nan.

Amma in baƙo ya zo wanda ya san Falwaya a can, abokin aiki ko maƙwabci ko wanda ya taɓa rage wa hanya, ba ya barinsa ya gama shan ruwa. Zai kai shi gindin bishiyar, ya buɗe ƙofar direba, ya koma gefe ya tsaya.

"Don Allah, in ka taɓa ganinsa a ciki, mayar mini da ita inda take. In ba ka tabbata ba, bar ta kawai. In ka koma ka tambayi sauran, ko akwai wanda ya lura."