Masu Tuƙi da Ƙeya

Ranar da na fara ganinsu ta tagar kicin ɗinmu a unguwar Highbridge, can ƙasar Turawa, sai da na ajiye ludayi na yi salati. Wani kwalekwale siriri kamar tsinke a kogin Harlem, ƙarti takwas a ciki, kowa ya ba wa inda za shi baya. Na ce wa maigidana, wanda ke aikin direba a ofishin jakadancinmu: "Malam, zo ka ga mahaukata." Ni 'yar Sarkawan Yawuri ce, a bakin ruwa aka yanke cibiyata. A wurinmu matuƙi idonsa na gaba, don ruwa yana ɗauke da kututture da dorina, kuma wanda bai duba ba kashe mutane zai yi.

Ashe ƙanena, autanmu, zai shiga cikin mahaukatan. Ya zo karatu jami'a wajen ƙarshen shekarun sittin, yana kwana a falonmu. Mai horar da 'yan tuƙin makarantar ya ga kafaɗunsa, ya ji a jirgi ya tashi, ya ɗauke shi nan take. Ƙarfi kam akwai, ko Turawan sun sallama masa. Matsalarsa guda: waiwaye. A irin jirginsu mutum ɗaya ne ke fuskantar gaba, wani ɗan firit da ke zaune a gindin jirgi da igiyar juya shi, yana ƙirga musu bugu da ihu. Sauran nasu ja ne kawai. Jirgin kuwa ba ya son wargi, kai ɗaya ya juya, sai ya karkata, filafilai su rikice.

"Yaya, wuyana ne ke yi, ba ni ba," in ji shi, yana cin tuwon semo kamar ya shekara bai ci ba. "Tun ina tatata Baba ke ƙwala min filafili in na kau da ido daga gaba."

Na ce, "To ka bari mana! Karatu aka aiko ka ko aikin fito?"

Bai bari ba. Kullum kafin gari ya waye ya fita, ya dawo tafin hannu duk kanta ta fashe, ni ce mai gasa masa da ruwan zafi ina faɗa.

Babbar gasar jami'o'i ba a zuwanta haka nan, sai an tace. Za a yi tseren share fage, jiragen da suka zo na ɗaya da na biyu su wuce. Waɗanda suka faɗi a ba su dama ta ƙarshe washegari, a nan kuwa na ɗaya kaɗai ke wucewa. A tseren farko Auta ya waiwaya ana tsakiyar ja, suka zo na uku. Mai horarwa ya gaya masa a gaban kowa cewa gobe in ya sake, ko sun ci, wani zai hau kujerarsa. Ya dawo ya ƙi abinci. Abin da ya fi cin ransa, abokan nan bakwai ba wanda ya ce masa uffan. Ɗan firit ɗin ma dafa shi ya yi, ya ce masa, "Ni ne idonka, ka bar min wannan aikin."

Washegari na yafa mayafi a kan kwat, na hau gadar da ke kusa da wurin ƙare tsere. Na hango su tafe, jirage jere, nasu da wani kai da kai. Gaskiya ranar na daina ce musu mahaukata. Filafilai takwas su shiga ruwa tare, su fito tare, ba fantsama, bayansu na lanƙwasa lokaci ɗaya kamar sahun salla. Na ga tseren jirage a gida iri-iri, da kiɗa da kirari, amma ban taɓa ganin mutane sun zama abu guda haka ba.

Sai na ga katako. Kogin Harlem a lokacin juji ne, ba abin da ba ya yawo a cikinsa. Ga shi nan baƙi, rabi a nutse, daidai hanyarsu. Ban san sanda na buɗe baki ba, da irin muryar da muke kiran jirgi daga wancan ƙetare: "Auta! Itace a gabanka! Auta, itace!" Turawan da ke gadar suka dare. Wannan kira ko Basarke na barci ya ji shi sai ya zabura.

Kansa bai motsa ba. Ina kallonsa daga sama, idonsa na kan ƙeyar na gabansa, yana ja. Ɗan firit ya ɗan taɓa igiya, jirgin ya goce kaɗan, katakon ya bi ta ƙarƙashin filafilai ya wuce. Suka shiga gaba da abin da bai fi kamu ɗaya ba. Sun samu shiga babbar gasa, da Auta a kujerarsa.

Na sauka bakin ruwa ina haki, ga murna ga haushi. Suna ɗauke da jirgin a ka, sai da suka ajiye ya taho.

Na ce, "Kai wane irin kurma ne? Na tsage maƙogwaro!"

"Na ji ki, Yaya. Tun kiran farko na ji ki."

"Ka ji, ka ƙi dubawa?"

Ya murza wuyansa. Can ya ce, "Babba ne?"

Na ce, "Ya kai ƙyauren ɗaki."

Ya zauna daɓas a kan laka, ƙaton mutum, ya rufe fuska da hannayen nan masu jini. Na tsuguna na lulluɓe shi da mayafina don kada abokansa su ga yana kuka.