Gem Ɗin Ya Tafi Sabis

Ɗana na biyu da ciwon sikila aka haife shi. A Makera muke zaune a lokacin, wajen ƙarshen shekarun tamanin, a ciki da falo cikin wani gidan haya mai ɗakuna a jere. Maigidana yana aiki a masaƙa a Kakuri, ɓangaren rini, ni kuma ina ɗinki a baranda. Da yamma yaran layinmu sukan kafa duwatsu su buga ƙwallo a ƙofar gida, nawa kuwa sai dai ya zauna kusa da kekena yana bin su da ido. In ya ɗan yi gudu, ko ruwan sama ya taɓa shi, sai ƙasusuwansa su ɗauki ciwo, mu tattara mu nufi asibiti. Yaran ba mugaye ba ne. Sukan ce masa sannu, sannan su wuce wurin ƙwallonsu.

Babansa ne ya fara ganin gem a gidan wani ogansu. Ya dawo yana ba ni labari, wai wani ɗan akwati ne da ake jona wa talabijin, a cusa masa kaset, yara su riƙe hannuwansa biyu masu maɓallai suna sa wani ɗan mutum yana tsalle. Ya ce falon ogan cike yake da yara, kuma duk a zaune suke. Wannan kalma ta a zaune ita ta kama ni. In yaronmu ba zai iya zuwa wurin wasa ba, to wasan ya zo ya same shi. Muka haɗa kwasar adashina da abin da masaƙa ke ba su na ƙarshen shekara.

Inda za a saya kuwa ba abin shawara ba ne. Akwai wani dattijo ɗan garinsu maigidana mai shagon kayan wuta kusa da kasuwar Kakuri, kuma shi ne shugaban mitin ɗin 'yan garin da ake yi duk wata bayan an tashi coci. Kowa Baba yake ce masa, ni kuma yana ce mini matarmu. Shi kaɗai ke da mota a cikinsu, wata tsohuwar a-kori-kura, kuma ba sau ɗaya ba ya ɗauki yaron nan a cikinta zuwa asibiti, ko kuɗin mai bai taɓa karɓa ba. A wurin mutanen maigidana, ka tsallake shagon ɗan garinku ka je ka sayi abu a na baƙo, zagi ne. Har a mitin za a ɗaga maganar.

Baba ya sauko da kwalin, ya goge shi da hannun rigarsa, ya faɗi kuɗi. Har na fara murna, don abin da muka riƙo ya kai. Sai ya ce saura ƙaramin tiransifoma. Aka ƙara. Sai kuɗin haɗawa, sai kuɗin saita tasha a talabijin, sai wata 'yar kwalba ta ruwan wanke kaset, wadda da na shinshina na ji warin sifirit ɗin da ake goge wurin allura. A ƙarshe ya ce duk wata za a riƙa kawo gem ɗin sabis.

Bakina bai iya shiru ba. Na ce, "Baba, duk waɗannan dole ne?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Matarmu ke nan! Wannan fa ba keken ɗinki ba ne da za ki ɗiga masa mai ki ci gaba. Kayan Japan ne. Wutarsu daban, tamu daban."

Ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya ɗauko wani gem da gefensa ya narke ya yi baƙi. Ya ce na wani malamin makaranta ne a Sabon Tasha, wanda ya je cikin gari ya sayo da araha, ya zo ya jona shi kai tsaye a bango. Abin haushin shi ne labarin gaskiya ne. Matar malamin tana zumuntar matan cocinmu, da bakinta ta gaya mana yadda hayaƙi ya cika musu falo. To tunda maganar tiransifoma gaskiya ce, ni wace ce da zan ware sauran in ce wannan gaskiya, wannan ƙarya? Maigidana ya taka mini ƙafa a hankali, muka ciro kuɗin cefanen wata muka cika.

Ma'aikacin Baba, wani dogo mara fara'a, ya biyo mu gida don haɗawa. Ya cusa waya ɗaya a bayan talabijin, ya murɗa abin neman tasha, hoto ya fito. Zaren da nake sa wa allura ya fi wannan aiki ɗaukar lokaci. Ya manna wata jar takarda a kan wayar, ya ce duk wanda ya taɓa wurin, hannun shago ya fita.

Amma gaskiya abin ya yi aikin da aka sayo shi dominsa. Kafin mako ya zagayo, takalman yara sun cika mini baranda. Ɗana da ba a jin muryarsa ya zama mai raba layi: wane kai ne yanzu, wane ka mutu, miƙa wa na bayanka. Har tsawa yake yi wa waɗanda suka girme shi, su kuma suna lallashinsa. Ya fara cin abinci ba sai na tsaya a kansa ba. Kiɗan gem ɗin ya shiga mini kai har ina tsintar kaina ina taka keke da shi. Ƙasar da suke shigo mini da ita da hayaniyarsu, duk na yafe.

Sai sabis ya fara. Ranar da aka biya albashi a masaƙa, ranar dogon nan zai bayyana da buhu a hannu. Ya ɓare jar takarda, ya naɗe wayoyi, ya karɓi kuɗin sabis, ya tafi da gem. Da farko kwana kaɗan yake yi ya dawo. Daga baya ya koma mako, daga nan ya zarce. Duk lokacin da ya tafi, gidan ya mutu. Takalma su ɓace daga baranda, yarona ya dawo gefen kekena yana wasa da guntayen yadi.

Wata rana ƙanwarsa ta ɗiga kunu a saman gem ɗin, ya bushe a wurin. Da gangan na ƙi gogewa. Ya tafi sabis ya dawo da sabuwar jar takarda, kunun kuwa yana nan daram. Na nuna wa maigidana. Ya duba, ya ce ai ciki suke wankewa, ba waje ba. Na ce wanda ya wanke ciki ya kasa goge kunu? Ya ce, "Ke injiniya ce?" Ni ba injiniya ba ce, kuma a nan kullum maganar take ƙarewa. Zuciyata tana gaya mini ana cutarmu, amma in na tuna narkakken gem ɗin malamin nan sai in ja da baya.

A dogon hutu na damina ciwon ya tashi masa a ƙafafu. Muka yi kwanaki a asibiti, aka sallamo mu ba ya iya taka ƙasa. Muna can dogon ya zo ya ɗauke gem, ƙarshen wata ya yi. Na shimfiɗa wa yaron katifa a falo gaban talabijin. Da ya ji motsi a ƙofa sai ya ɗaga kai, ya ga mai kawo ɗinki ce, ya mayar. Abin da ya ɗaure mini kai, ko ƙarar ƙwallo babu a layin. Ana hutu, amma ba yaro ko ɗaya. Kullum tambayarsa ɗaya ce: "Mama, yau zai dawo?"

Da abin ya ishe ni, na rufe keke na yafa gyale na nufi shagon. Tun kafin in shiga na ji kiɗan. Na san shi kamar yadda na san kukan 'ya'yana. Daga bayan wani labule yake fitowa a ƙuryar shagon. Ban yi sallama ba na ɗaga labulen. Ga yaran layinmu reras a kan benci, ga talabijin, ga dogon a tsaye yana karɓar silalla a hannunsu. Na dubi hannun gem ɗin da wani yaro ke riƙe da shi. Wayarsa a naɗe take da ƙyallen atamfa ruwan ɗorawa, inda ɓera ya taɓa ci na ɗinke da baƙin zare. Ɗinkina ne.

Na juyo wurin kanta. Baba yana zaune yana sauraron rediyo, ko gezau.

"Baba, gem ɗin ɗana ne wancan."

"Shi ne mana, matarmu. Gwaji ake yi. In an gama sabis dole a bar shi ya yi aiki a ga ko zai yi zafi. Ni da tsufana zan zauna ina sa ɗan mutum tsalle? Yaran nan taimakonmu suke yi."

"Kuɗin da ake karɓa a hannunsu fa?"

"Na wuta ne. Ko ke kyauta ake ba ki wuta a Makera?"

Na ce a ba ni kayana yanzu. Ya ce wa dogon ya cire ya ba ni, ko musu bai yi ba. Sannan ya rage muryar rediyon.

"Ɗauki abinki. Sai dai ba a gama daidaita wutar cikinsa ba. In kin je kin jona ya cinye talabijin, wannan mai sauƙi ne. In kuma wuta ta biyo waya ta kama hannun yaro mara lafiya, kada a ce Baba bai faɗa ba." Sai ya sassauta murya. "Ya jikin ɗan nawa? Ban ji kun kwanta asibiti ba sai shekaranjiya. Me ya sa ba a aiko na zo da mota ba?"

Dogon ya miƙo mini gem ɗin. Na tsaya ina kallonsa. Na san ƙarya ce, ga yara nan sun wuni suna riƙe da shi ba abin da ya kama su. Amma hannun ɗana aka ambata, kuma ban san komai game da abin da ke cikin akwatin nan ba. Hannuna ya ƙi miƙuwa. Na fito ba komai, na yi ta kuka a hanya, masu tallan masara suna kallona.

Maigidana ya dawo daga aikin safe, hannuwansa shuɗi da rini. Ko ruwa ban bari ya sha ba na zazzage masa komai. Na zaci zai tashi tsaye. Sai ya zauna a bakin kujera, ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Na sani," in ji shi. "Wani a wurin aiki ya gaya mini tun watan jiya."

Na buga almakashi a kan tebur. Na ce ka sani kake miƙa masa kuɗi duk wata?

"To so kike in yi yaya? In miƙe a mitin in ce Baba ɓarawo ne? Ranar da ciwon yaron nan ya tashi ba mota a titi, ƙofar wa zan buga? Ranar da na faɗi na mutu, motar wa za ta kai gawata gida?"

Na faɗi maganganu da yawa a ranar, wasu ma ba su da daɗin maimaitawa. Ban taɓa jin na zama ba komai ba irin na wannan yammaci.

Duk abin nan a baranda muka yi shi, labule kawai ya raba mu da yaron. Washegari ina ba shi koko ya riƙe mini hannu.

"Mama, su duka suna can?"

Na ce suna can.

"Ki kai ni."

Na ce ya yi haƙuri, gem ɗinsa ne, gida zai dawo. Ya ce kafin ya dawo hutu ya ƙare. Bai yi kuka ba, da ma ya yi kukan da ya fi mini sauƙi.

Na sa masa rigar sanyi da safa, na goya shi da zani. Yaro ɗan shekara tara, ƙafafunsa suna dukan gwiwoyina, amma ba shi da nauyi. Na riƙe lema saboda yayyafi. Muna ɗaga labulen yaran suka yi ihu suna kiran sunansa, suka matsa suka ba shi tsakiyar benci. Na sauke shi a hankali, na gyara masa ƙafafu.

Da layi ya zo kansa ya miƙa hannu zai karɓa. Dogon ya riƙe hannun gem ɗin, ya leƙa waje yana duban maigidansa.

Baba ya ɗago daga kan rediyo. "Haba, kai kuwa! Ɗana ne fa wannan. Karɓi rabin kuɗin."

Na kwance bakin zanina na biya.

Ya yi wasansa. Fuskarsa ta washe, yana cije leɓe, yaran suna yi masa ihu ya yi tsalle, ya yi tsalle. Hannunsa ba ƙarfi bayan jinya, bai yi nisa ba ɗan mutumin ya faɗa rami. Dogon ya zare abin daga hannunsa ya miƙa wa na kusa da shi. Ɗana ya bi wayar da kallo, sannan ya juyo wurina.

"Mama, akwai saura?"

Na sake kwance bakin zanin.