Yatsa huɗu tsakanin Tankari da aji

Labarin ya iske ni da safiyar nan ina buɗe ƙofar biro, wato ofishina. Ƙanwarsa ce ta kira daga Kore Mairuwa: Mushe Tankari, yadda muke kiran malamin makaranta ke nan, ya rasu bayan sallar asuba, jinyar kwana uku kacal. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na zauna da makulli a hannu, na ma kasa ajiye shi.

Ƙarfe goma ba ta yi ba sai ga dwayen, shugaban fakultenmu, wato tsangayarmu a jami'a, ya leƙo ya ce in buga takardar ta'aziyya. Wai in rubuta mun yi rashin "ɗanmu abin alfahari, wanda fakulte ta rungume shi hannu biyu". Na buga, tunda ni sakatariya ce, aikina ke nan. Amma in ban faɗi abin nan ba abinci ba zai shiga cikina ba yau.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Tankari ɗan Arewa ne kamar ni, shi daga Kore Mairuwa, ni daga Dogon Dutsi. Shan inna ta kama shi tun yana ƙarami, tsofaffin garinsu suka ce doguwa ce, wato aljana. Da keke mai ƙafa uku yake yawo, irin wanda ake tuƙawa da hannu. A fakultenmu ya yi karatu, ya koma gida yana koyarwa a kwaleji.

Na ce a fakultenmu ya yi karatu. Gaskiyar magana a bakin tagarmu ya yi shi.

Ƙofar amfi, babban ajin da ake ba da darasi, ta yi wa kekensa kaɗan da yatsa huɗu. Shekara uku yana jingine da taga daga waje, kunne a ciki, littafi a cinya. In hadari ya taso ya rufe littafin da leda. Ran jarrabawa a fito masa da tebur baranda, a sa mutum ya tsare shi kada ya yi satar amsa. Daga wa zai sata, daga bishiyar dogon yaro?

Ya yanki karan dawa daidai faɗin kekensa, ya ɗaura masa jan ƙyalle. Da shi ya bi Adabi, ya bi Kimiyya, ya bi Noma da Shari'a, yana gwada ƙofa ƙofa. Duk wadda karan ya ƙi wucewa a kwance, sai ya rubuta takarda ya kawo mini.

Ni nake buga amsar. Kullum iri ɗaya: ginin gwamnati ne, ba a taɓa shi sai da izini daga sama, ana nazari. Har ya sa mini suna Madam Ana-Nazari. Yana dariya ya ce, "Doguwa ƙahwahu ɗai taɗ ɗauka, ta bar min kaina. Ku na ka son ku ida mata aiki."

Duk da haka, in zai dawo daga hutu sai ya biya ta gidanmu a Dogon Dutsi, ya karɓo mini saƙon gyaɗa da busasshen zogale daga wajen Inna, ya rataya a bayan keke. Ranar da ɗiyata ta kwanta asibiti, shi ya fara zuwa kafin dangina.

Nakan miƙa masa ruwan sanyi in ya zo biro cikin zafin rana. Ya ce, "Azumi nika yi, Madam." Na yi ta yabonsa a gaban mutane, wai ga mai ibada. Sai bayan ya gama karatu wani abokinsa ya gaya mini ƙofar ban ɗaki ma ba ta ɗaukar kekensa, shi ya sa ba ya shan komai daga safe har ya koma masauki. Shekara uku ina yabon ƙishirwar da muka ɗora masa. Har yanzu in na tuna kunya ke kama ni.

Sai aka kawo sabuwar na'urar fotokopi, ƙatuwa, ta ƙi shiga ɗakinta. A ranar, kafin la'asar, magini ya zo da guduma ya fasa bango ya faɗaɗa ƙofar. Ba takarda, ba izini daga sama, ba nazari. Tankari ya zo ya gwada karansa, ya wuce har da saura. Ya dube ni ya ce, "To alhamdu lillahi. Yanzu in na zaka ina da wurin zama, kusa ga yayata fotokopi."

Mutane suka yi dariya. Ni ma na yi, Allah ya yafe mini.

Daga baya wani puroje, shirin tallafi, ya zo, aka kafa kwamitin kula da masu buƙata ta musamman, aka yi taronsa a bene. Aka zuba gangaren siminti mai kyau har bakin ƙofar amfi, aka bar ƙofar yadda take. Aka ɗauki hotonsa a gindin gangaren, yana nan manne a bangon biron dwayen.

Ganinmu na ƙarshe a kasuwar Kore Mairuwa ne, cikin hutun daminar nan. Ya tsayar da ni wajen masu gujiya, ya ba ni labarin ɗalibarsa Ramatu, ƴar Guéchémé, ita ma a keke take. Ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, fakultenmu take so. Babanta ya ce in zaman bakin ƙofa za ta je yi kamar malaminta, to gidansu ma akwai ƙofa, ta zauna nan. Tankari ya roƙe shi ya dakata zuwa buɗe makaranta, ya yi masa alkawarin za a gyara.

Ya zaro wani kara sabo daga bayan kekensa ya miƙo mini. "Wanga nata na. Ki gwada min, in bai wuce ba ki hwaɗa musu da bakinki, ba da takarda ba. Ni na saba da taga, ita ɗiya mace ta, kar ta saba."

Na ce to, Mushe. Na kawo karan na jefa bayan kabad ɗin dosiye da muke adana takardu, na ce sai na samu lokaci. Ashe ni ma nazari nake.

Ɗazu, bayan na buga ta'aziyyar, na ciro shi na je amfi na gwada. Bai wuce ba. Saura sati uku a buɗe makaranta, kuma mutumin da ya yi wa baban Ramatu alkawari an kai shi makwancinsa da hantsin yau.

Abin da ya sa na rubuta wannan: dwayen ya ce ran Litinin magini zai zo ya kafa allo mai sunan Tankari a saman wannan ƙofar, don girmamawa. Sunansa a kan ƙofar da bai taɓa wucewa ba. Tir.

Tunda maginin da gudumarsa zai zo, zan jira shi a wurin da karan Ramatu a hannuna, sai ya faɗaɗa ƙofar. Na san abin zai iya taɓa aikina, na yarda. Wanda ya zauna cikin amfin nan yana ganin kan Tankari ta taga, ya san hanya, ya zo ya same ni, ƙarfe takwas ne.

Don Allah duk wanda ya karanta ya tsaya ya yi masa addu'a, ya haɗa da mahaifiyarsa da ƙannensa, Allah ya ba su haƙuri.

Allah ya jiƙanka Tankari, ya gafarta maka, ya shayar da kai ruwan Alkausara. Allah ya yalwata maka kabarinka, kai da muka kasa ƙara wa yatsa huɗu.