Rijiyar Ƙofar Gidanmu

Shekarar da na fara aiki a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Kabo, ni ke rubuta sunayen marasa lafiya da unguwanninsu. Da damina ta yi nisa, sai na lura yawancin yaran da ake kawowa da zazzaɓi 'yan unguwarmu ne, kuma duk gidajensu rijiya ɗaya suke sha. Rijiyar kuwa mahaifina ne ya haƙa ta a ƙofar gida, sadaka ga mahaifiyata bayan rasuwarta.

Na same shi a zaure bayan la'asar. "Baba, ruwan nan ne ke sa yara ciwo. Ga shi a rubuce."

Ya daɗe yana kallon littafin, ko da yake bai yi boko ba. "Takardar taka cewa ta yi ruwan ne, ko kuwa cewa ta yi masu ciwon suna shan ruwan?"

Na ce ai duk ɗaya ne. Lokacin ina ji da ilimina. Na kai magana gun mai unguwa, aka rufe rijiyar da langa-langa, aka danne da duwatsu. Baba da hannunsa ya kwance gugar. Daga ranar ya daina zama a ƙofar gida.

Zazzaɓi bai ragu ba. Sai wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya, mutuniyar Getso, ta ce in raka ta unguwar. Ko littafin ba ta buɗe ba. Ta bi lungu har bakin kududdufin bayan gidajenmu.

"Ɗana, unguwarku a kwari take. Inda ruwa ke kwanciya, nan rijiya ke saurin kawo ruwa, nan kuma sauro ke hayayyafa."

Aka ɗebi ruwan rijiyar aka kai Gwarzo aka gwada, lafiyarsa ƙalau.

Kafin nan Baba ya kwanta ciwo. Na durƙusa gaban gadonsa na faɗa masa, ina neman gafara. Bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Alhamdu lillahi. Ashe ban jawo wa uwarku alhaki ba."

Da muka ɗaga langa-langar, muka tarar gefen rijiyar ya rufta ciki. Muna shirin nemo masu yasar rijiya, sai Baba ya cika. Ruwan da aka yi masa wanka da shi daga wata unguwa aka kawo a jarkoki cikin kurar 'yan ga-ruwa. Ni na turo kurar.