Maigidana Ɗan Basket

Lokacin da aka kawo ni Yamai daga Damagaram, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Abin da na sani game da maigidana shi ne yana aiki a wani buro na gwamnati. Sai da na yi sati biyu na gane ba don rubutu suka ɗauke shi ba. Dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga ɗaki, kuma tun yana lakwal, wato makarantar boko, ya iya jefa ƙwallo cikin kwando. Basket suke ce wa wasan. Bayan azahar shugaban buron yake sallamar sa ya tafi fili.

Da mahaifinsa ya zo ganin mu, ya tarar da ni ina shanya gajeren wandon maigidana na wasa. Ya jira shi ya dawo.

"Yanzu kai da gemunka, balo kake bi?"

"Baba, shi ke ciyar da mu."

Tsohon ya ce, "Allah ya sa albarka. Amma kada ka faɗa wa mutanen garinmu."

Sau ɗaya na je kallo, matar maƙwabcinmu, Bazabarma, ita ta ja ni muna dawowa daga kasuwar Petit Marché da kayan miya a hannu. Mutumin da ko tari ba ya yi da ƙarfi a gida, na gan shi yana tsalle yana ihu. Na rufe fuska don kunya, amma ta tsakanin yatsu na ga ya jefa uku.

A shekara ta huɗu wata ƙungiya a Abidjan ta kira shi, wasa kawai, ba buro. Ya tambaye ni, na ce ya je. Damina biyu ya yi can, yana aiko wasiƙa da hotuna, kafin gwiwarsa ta hagu ta samu matsala. Ya dawo a kamyo, babbar motar kaya, yana ɗingishi, bai yi ƙorafi ba.

Da ya ji sauƙi, ya fara ƙetare kogi a kwalekwale zuwa Lamordé, inda ya kafa ƙarfen kwando a jikin itace yana koya wa samari. Har ya tsufa yana zuwa. Ranar da ƙafar ta matsa masa, kujera suke kawo masa, ya zauna yana gyara musu riƙon ƙwallo.