Dattopant da Wanzamin Ƙanwarsa

Mu mutanen Puna ta ƙasar Indiya masu bin tafarkin lallami, Allah ya hore mana baki. Jagoranmu ya ƙare rayuwarsa yana fuskantar Turawan mulki da hujja da ladabi, yana koya mana cewa ba a gyara ƙasa da ihu. Shi kam ya iya. Mu mabiyansa kuwa ladabin muka kwashe, muka bar masa ƙarfin halin. A cikinmu babu kamar Dattopant Bhide.

Dattopant malamin lissafi ne, gajere, mai yawo da laima ko babu hadari. Ko akuya ya tarar tana cin shukarsa, sai ya fara yi mata bayani. A zauren taro kuwa zaki ne. Abin da ya fi yaƙa shi ne al'adarmu ta Brahmanawa, zuriyar malaman addinin Hindu, wadda in mace ta rasa miji sai wanzami ya aske mata kai tas, ya kuma riƙa dawowa duk wata har ta mutu. In ya tashi magana a kan wannan, har tsofaffi sukan share ƙwalla.

Sai annoba ta ɗauke mijin ƙanwarsa Yamuna. Dangin mijin suka watse, ba wanda ya tsaya aske ta, ta dawo gida da sumarta har gadon baya. Uwarsu, wadda suke kira Ayi, ta aika a kira Ganu wanzami.

Yamuna ta riƙe hannun wanta. "Yaya, kai ne fa mai cewa zalunci ne. Kada ka bari."

"Kwantar da hankalinki," in ji shi, "a hankali za mu bi."

Ya nufi ɗakin Ayi da hujjojinsa a jere. Tsohuwa ta ɗago ido ta dube shi sau ɗaya, ya tambaye ta ya ƙafa, ya fito.

Da safe ga Ganu da zabirarsa. Tsoro ya kama Dattopant, kunya ta rufe shi. Sai kawai ya faɗa kan kujerar askin.

"Fara da ni, Ganu."

A al'adar gidan, aska ba ta hawa kan mutum in rana ta take. Dattopant ya sa aka yi masa saisaye, ya ce bai yi ba, a ƙara. Ya jawo zancen harajin gishiri, ya zarce kan ilimin mata, Ganu na gyaɗa kai yana wasa aska. Kafin a gama, rana ta raba tsaka. Ayi ta ja tsaki ta ce sai wata mai zuwa.

Wata mai zuwa ma haka, da na bayansa. Shekaru suka tafi, kan Dattopant ya koma kamar ƙwarya sabuwar fafewa, in ban da ɗan tukkun da addini ya hana a taɓa. Ɗalibansa suka sa masa suna Fitila. Mu kuwa a ƙungiya muka yaba masa ƙwarai, muka ce wannan ita ce siyasa, ba a ɓata wa kowa ba, ba a kuma gama komai ba. Shi kansa yakan shafa kan ya yi dariya ya ce, "Ni ne mijin ya mutu ya bari." Amma duk ƙarshen wata Yamuna ba ta iya cin abinci.

Ana nan zazzaɓi ya kayar da shi, daidai ranar wanzami. Yana kwance ya ji muryar Ganu a tsakar gida. Ya yunƙura, ƙafa ta ƙi. Wayyo, yau dabara ta ƙare! Sai ya ji Yamuna ta fito.

"Ganu, koma gida. Ba za a aske ni ba, yau ko gobe."

Shi ke nan maganar. Ba hujja, ba gabatarwa. Ganu ya naɗe zabira, da alama ma daɗi ya ji, don ya gaji da harajin gishiri.

Ayi ta fito. "To, kin zaɓa. Daga yau kin ƙazantu. Ba mai shan ruwa daga hannunki a gidan nan."

Dattopant ya rarrafo bakin ƙofa, gumi na zuba. A ransa ya shirya cewa a kafa kwamiti na kawunnai, a duba maganar a natse. Ya dubi fuskar ƙanwarsa, ya ga ba kuka take ba, jira take.

"Yamu," ya ce, "ƙishirwa nake ji."

Ta ɗebo a moɗar tagulla. Ya karɓa a gaban Ayi, ya kafa kai ya shanye, rabi na zuba a rigarsa. Ya miƙa mata moɗar.

"Ƙaro."